Abin da Kofi Ba Ya Wankewa

Ƙannena da 'ya'yana na Samaru da Sabon Gari, masu kwana da ƙwallo su tashi da ita, maganar da zan yi da ku ta shafi mutumin da yawancinku kuka fi jin maganarsa bayan iyaye, wasunku ma har da iyayen. Ina nufin koci.

Duk wanda ya ratsa filayen Hayin Dogo ko Ɗanraka ko Muciya bayan la'asar ya san yadda abin yake. Mutum ɗaya na tsaye a bakin layi, usur rataye a wuyansa, ɗan littafin rubutu naɗe a aljihun baya. Yara sun zagaye shi, kowa da takalminsa a leda, ido na kan bakinsa. Zai karanta sunaye goma sha ɗaya. Wanda ya ji sunansa ya ruga ya ɗauki riga, wanda bai ji ba ya koma inuwa ya jira wata rana. Yaron da ake fama da shi a gida kafin ya tashi da asuba, idan koci ya ce atisaye ƙarfe shida, biyar da rabi yana fili. Wannan iko ne babba, kuma alheri mai yawa ya fito daga cikinsa a garin nan. A filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, Ba'amurken nan Oliver Johnson, wanda kowa ke kira Koci OBJ, ya shafe shekaru yana tarbiyyar yara. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya je ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Don haka ban zo rage darajar koci a idonku ba. Na zo ne in gaya muku inda ake jarraba shi, domin gobe wasunku ne za su rataya usur ɗin.

Zan fara da namu na gida, tunda labarinsa a fili yake kuma hukuma ta riga ta yanke hukunci a kai. Salisu Yusuf haifaffen Zariya ne. Ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, sannan ya koma horarwa. Yana cikin masu horar da Kano Pillars a 2008, shekarar da ta fara ɗaga kofin firimiya na ƙasa. A 2013 ya ci Kofin Ƙalubale da Enyimba ta Aba, wato ɗan Arewa ya je tsakiyar ƙasar Ibo ya yi aiki aka yaba masa. A watan Mayun 2016, lokacin da Super Eagles ba ta da tsayayyen mai horarwa, shi aka danƙa wa riƙon ƙwarya, ya doke Mali da Luksamburg a wasannin sada zumunta. Da aka kawo Bajamushe Gernot Rohr, Salisu ne na biyunsa, kuma shi ke jagorantar tawagar 'yan wasan da ke taka leda a gida. Da wannan tawagar ya kai wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a Fabrairun 2018. Mai masaukin baƙi ta yi mana ci huɗu da nema a Kasabalanka, amma kafin nan Najeriya ba ta taɓa kai wa wasan ƙarshe a gasar ba. Bayan 'yan watanni muka gan shi a benci a Rasha, a gasar cin kofin duniya. Ku tuna yadda gidajen kallo na PZ da Kwangila ke ɗaukar sowa idan kyamara ta hasko shi. Namu ne, kuma bai hau wurin da alfarma ba, guminsa ya kai shi.

A watan Yulin 2018, makonni kaɗan da dawowa daga Rasha, BBC ta saki wani bidiyo da ma'aikatan ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas suka ɗauka a ɓoye. An ɗauke shi tun Satumban 2017, lokacin gasar WAFU ta ƙasashen Afirka ta Yamma a Ghana. Wasu mutane sun zo wa Salisu a matsayin wakilan 'yan wasa, suka yi masa maganar mutum biyu da suke so a tafi da su CHAN, Rabi'u Ali na Kano Pillars da Osas Okoro, sannan suka miƙa masa kuɗi a hannu. Ya karɓa. Masu bidiyon sun ce dala 1,000 ne. Shi ya ce dala 750 ya samu da ya ƙirga, kuma ya ɗauke shi a matsayin kyauta, bai yi wa kowa alkawarin komai ba, yaran biyu kuwa da ma 'yan wasansa ne da suka cancanta.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta miƙa maganar ga kwamitinta na ɗa'a, wanda Malam Nuhu Ribadu ke shugabanta a lokacin, shi ma a nan jami'armu ya karanta shari'a. Ina so ku kula da abin da kwamitin ya gano, domin darasin duk a nan yake. Ya yarda cewa kuɗin bai canza zaɓen 'yan wasa ba. Wato ko da ba a ba da ko kwabo ba, mutanen biyu za su tafi Maroko. Duk da haka ya same shi da laifi, domin karɓar da ya yi da saninsa ya yi ta, kuma ta zubar da mutuncin ƙwallon ƙasar. A Satumban 2018 aka dakatar da shi shekara ɗaya, aka ci shi tarar dala 5,000, ninki biyar na abin da aka ce ya karɓa.

Na sha jin matasa suna gardama a kan wannan a majalisa. Wani ya ce, to ina laifin? Bai roƙa ba, bai saka wanda bai iya ba, an ba shi alheri ya karɓa, ko mayar da hannun kyauta ba rashin tarbiyya ba ne a wurinmu? Tambayar tana da nauyi kuma ba na raina mai yin ta. Mu mutane ne masu kyauta. Baƙo ba ya zuwa hannu sake, ba ya kuma komawa haka. Akwai na goro, akwai "a sa mai", akwai "a sayo wa yara alawa". Yawancin wannan zumunci ne tsantsa, Allah ya bar mu da shi. Amma addininmu da kansa ya ware kyautar da ake yi wa mai riƙe da amanar jama'a ya ajiye ta daban. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya kasa kayan gida biyu, kashi ɗaya na jama'a, ɗayan kuma ya ce kyauta aka yi masa. Annabi bai amince ba, har ya hau mumbari a kan maganar. Ma'aunin da ya bayar mai sauƙi ne: da mutumin yana zaune a gidan iyayensa, ba a ɗora masa aikin ba, da kyautar za ta same shi a can? Labarin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malaman makarantun Islamiyyarku sun san shi. 'Yan'uwanmu Kirista na Sabon Gari ma littafinsu ya yi hani mai ƙarfi a kan karɓar toshiyar baki.

Ku ɗora wannan ma'auni a kan ɗakin nan na Ghana. Mutanen da suka kira kansu wakilan 'yan wasa ba Salisu ɗan Zariya suka zo gaisarwa ba. Sun zo wurin hannun da ke rubuta sunaye. Kuma Bahaushe ya riga ya faɗa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ko yau ba a nemi askin ba, an riga an biya, kuma mai biyan ya san ya biya. Gobe idan ya dawo da yaron da bai kai ba, da wane ido za ka kalle shi ka ce a'a?

Akwai kuma ɓarnar da masu cewa "ai ba a cuci kowa ba" ba sa lissafawa. Babu wanda ya zargi Rabi'u Ali ko Osas Okoro da komai, ba su ma san ana amfani da sunansu ba. Rabi'u mutum ne da ya ba Kano Pillars ƙuruciyarsa gaba ɗaya, duk wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha ya san abin da ƙafarsa ke yi. Amma dare ɗaya sunansa ya shiga labarin cin hanci a kafafen duniya. Haka duk wanda aka kira waccan tawagar, sai da wani ya tambaya a ransa ko nawa aka biya. Wanda kuma ba a kira ba ya samu abin faɗa wa kansa har ƙarshen rayuwa, cewa ba iyawa ya rasa ba, kuɗi ya rasa. Mafi muni shi ne abin da ya sauka a zuciyar ɗan shekara goma sha huɗu a Layin Zomo, wanda ubansa ɗan acaɓa ne. Shi abin da ya fahimta shi ne ko a can sama sai da kuɗi. Daga ranar, atisayen asuba ya rage masa daɗi. Dala dubu ba ta kai farashin wannan ba.

Sai dai adalci ya wajaba a kaina, kuma ya wajaba a kanku. Ba na tare da masu mayar da mutum abin dariya saboda tuntuɓe ɗaya. Tarko aka ɗana wa Salisu, shi bai fita farauta ba. Kowa kuma ya san yadda masu horarwa a ƙasar nan ke yin watanni ba albashi, tun daga ƙungiyoyin jihohi har tawagar ƙasa. Rohr kansa sai da ya kai ƙara FIFA a kan haƙƙinsa. Wannan ba ya halatta karɓa, amma ya kamata ya sa masu riƙe albashin mutane su ji kunya su ma. A binciken na Anas an kama waɗanda suka fi shi girma da girman laifi. Shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi, ya rasa kujerarsa, FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, daga baya kotun wasanni ta mayar da hukuncin shekara 15. Salisu ya yi zaman dakatarwarsa, ya koma aiki da Enugu Rangers, kuma a 2021 NFF ta mayar da shi tawagar ƙasa. A ganina wanda ya biya abin da aka yanke masa ya cancanci a buɗe masa ƙofa. Abin da nake so ku gani kawai shi ne, duk da komawar, yau idan aka rubuta tarihinsa sai an saka wancan bidiyon kusa da kofin 2008 da na 2013. Kofunan suna nan, ba wanda zai ƙwace su, amma ba su goge minti biyun nan ba.

Yanzu bari in kai ku nesa, ga labarin da ya fi wannan nauyi ƙwarai, domin a cikinsa babu kuɗin da aka karɓa. Shiru aka yi.

A Amurka ƙwallon jami'o'i babbar harka ce. Irin tasu ce, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, kuma filin jami'a ɗaya kan ɗauki mutum sama da dubu ɗari. A jami'ar Penn State da ke jihar Pensilbaniya an yi wani koci mai suna Joe Paterno. Ya shiga aiki a can a 1950 yana mataimaki, ya zama babban koci a 1966, ya riƙe muƙamin har 2011. Ya ci wasanni 409, ya ɗauki kambun ƙasa a 1982 da 1986. Abin da ya fi ɗaukaka shi ma ya wuce cin wasa. An san shi da matsa wa 'yan wasansa su yi karatu su kammala digiri, shi da matarsa sun ba jami'ar gudummawar miliyoyin daloli, har aka sa wa wani sashe na ɗakin karatu sunansu. Yana raye aka ƙera mutum-mutuminsa aka kafa a bakin filin wasa. Ku ƙaddara mutumin da Samaru gaba ɗaya ke kira Baba, wanda ya horar da uba ya horar da ɗa.

A Fabrairun 2001 wani matashin mataimaki, Mike McQueary, ya je gidan Paterno ya gaya masa ya ga Jerry Sandusky da wani ƙaramin yaro a wurin wankan 'yan wasa cikin halin da bai dace ba. Sandusky tsohon mataimakin Paterno ne na shekaru masu yawa, ya yi ritaya a 1999 amma yana da izinin shiga gine-ginen wasanni, kuma yana da gidauniyar taimaka wa yara marasa galihu, wadda ta nan yake samun yaran. Paterno ya sanar da daraktan wasanni na jami'ar. Daga nan maganar ta kwanta. Ba a kira 'yan sanda ba, ba a nemi yaron ba, ba a tambayi ko ɗan wane ne ba. Shekara goma Sandusky yana yawonsa, kuma a cikin shekarun nan ya lalata wasu yaran.

A Nuwamban 2011 aka kama shi. Cikin kwanaki hukumar jami'ar ta kori Paterno, ta wayar tarho, bayan shekara 61 yana yi mata aiki. A daren dubban ɗalibai suka fito titi suna zanga-zanga har suka kifar da motar 'yan jarida. Ku lura da kyau, fushinsu na korar kocinsu ne. Paterno ya rasu a Janairun 2012 yana da shekara 85, da cutar dajin huhu. A watan Yuni kotu ta sami Sandusky da laifuka 45 a kan yara goma, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60. A watan Yuli rahoton Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya ce Paterno da manyan jami'ar uku sun ɓoye abin da suka sani don gudun ɓacin suna. Iyalan Paterno sun ƙi yarda da rahoton, kuma shi ba a taɓa gurfanar da shi ba, domin masu gabatar da ƙara sun ce ya yi abin da doka ta wajabta masa. Amma kwana goma bayan rahoton aka zo da injin ɗaga kaya aka cire mutum-mutumin. Hukumar wasannin jami'o'i ta ci tarar Penn State dala miliyan 60, ta soke nasarori 111 daga lissafin Paterno, ta kuma mayar masa da su a 2015. Shi kansa kafin rasuwarsa ya furta cewa ya so a ce ya yi fiye da abin da ya yi.

Ra'ayina a kan wannan ba ya rawa. Mutumin da ya fi kowa ƙarfin faɗa-a-ji a garin, wanda kira ɗaya daga bakinsa zai sa a bincika a ranar, ya isar da saƙo ga ofis ya koma kan shirin wasan mako. Ya fita haƙƙin doka, bai fita haƙƙin yaron ba. Alherin da ya yi wa dubban ɗalibai gaskiya ne, ba zan ƙaryata shi ba. Amma ba a biyan bashin wani da alherin da aka yi wa wani. Yaran da aka cuta bayan 2001 ba su ci komai daga nasarori 409 ba.

Kada wani ya ce wannan lalacewar Turawa ce, mu Allah ya tsare mu. A Gabon, a ƙarshen 2021, tsofaffin 'yan wasa suka fito suka ba da labarin abin da tsohon kocin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17, Patrick Assoumou Eyi, ya daɗe yana yi wa yara, kuma a 2025 FIFA ta haramta masa ƙwallo har abada. A Mali ma, a 2021, an kama kocin tawagar 'yan mata ta ƙwallon kwando bisa irin wannan zargi. Ko'ina hanyar ɗaya ce: babba mai iko a kan burin yaro, yaro talaka mai tsoron a cire shi, da manya a gefe da suka ji ƙishin-ƙishin suka kawar da kai.

Mu kuma muna da kalmomin da ke sauƙaƙa kawar da kai. "A rufa asiri." "A bar wa Allah." "Kada a ɓata sunan kulob." "Mutumin da ke saya wa yara takalma da kuɗinsa ne za ka faɗa wa haka?" Rufin asiri hali ne mai kyau idan laifin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Idan kuwa akwai yaron da ake cuta, kuma akwai wasu yaran da ke kan layi, to wanda ya rufe ya ba mai laifin ƙarin lokaci ne kawai. Ku dubi yadda muke tafiyar da ƙananan ƙungiyoyin unguwa. A kwashi yara 'yan sha biyu zuwa sha biyar a bas zuwa gasa a wani gari, a kwana uku a ajin makarantar firamare, babba ɗaya ne tare da su, iyaye ba su san ko lambar wayarsa ba. Mafi yawan waɗannan kociyoyi bayin Allah ne masu sadaukarwa, da aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan leda, kuma na san da yawa da suka raba yara da shaye-shaye. Tsari mai kyau su ma kariya ne gare su, domin yana toshe bakin mai ƙazafi kamar yadda yake toshe hanyar mugu.

To ga abin da nake roƙonku. Kai ɗan wasa, ka girmama kocinka, ka gaishe shi, ka ɗaukar masa jaka, amma ka san iyakar abin da yake da iko a kai. Yana da iko a kan inda za ka tsaya a fili da lokacin da za ka fito. Ba shi da iko a kan jikinka. Idan ya ce ka same shi a ɗaki kai kaɗai da dare, ko ya fara yi maka kyautar da yake cewa kada ka faɗa a gida, ka faɗa a gida a ranar. Idan ka kasa gaya wa mahaifinka, ka gaya wa mahaifiyarka ko yayanka ko malaminka. Kunyar ba taka ba ce. Haka idan wani ya ce ka kawo kuɗi a saka sunanka, ko a kai ka gwaji Turai, ka tsaya ka tambayi manya. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, don haka mai yi wa ɗan sha biyar alkawarin kwantiragi a Sifaniya, ana sayar da filin gado a ba shi, yawanci kuɗin kawai yake so.

Ku kuma da kuka fara horarwa, ɗaliban sashen koyar da wasanni na jami'a da na kwalejin ilimi, da ku da kuka tara yaran layinku don Allah, ku shirya amsarku tun kafin ranar ta zo. Wanda bai taɓa tunanin abin da zai ce ba, idan aka miƙo ambulan hannunsa ne ke riga bakinsa. Kuma ba a zuwa da fuskar mugunta. Uba ne mai fara'a zai ja ka gefe bayan atisaye, ya ce, "Koci, ga wannan a sha ruwa, yaron naka ne, a riƙa dubawa." Ba sai ka wulaƙanta shi ba. Ka ce, "Alhaji, na gode, Allah ya saka da alheri, amma ba na karɓa daga iyayen yara. In don Allah ne, a sayo wa ƙungiya ƙwallo biyu a kawo gaban kowa." Ka faɗa sau uku, labari zai zaga unguwa, ba za a ƙara gwada ka ba. Kada ka keɓe da yaro a rufaffen ɗaki. Kada ka yi tafiyar kwana da yara sai da wani babba na biyu, zai fi kyau a ce ɗaya daga cikin iyaye ne. Ka rubuta abin da aka tara na kuɗin rajista da na mota, ka karanta wa kowa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne za su tsaya maka ranar da wani zai nemi sunanka.

Idan kuma wata rana yaro ya zo maka yana rawar murya ya ce wani babba ya taɓa shi, ko da abokin aikinka ne, ko da wanda ya koya maka aikin ne, kada ka tsaya a kan "na gaya wa ciyaman". Ka fara raba yaron da mutumin. Ka sanar da iyayensa. Ka bi maganar da ƙafarka har ka ga inda ta tsaya. Ba a ce ka yi shela a kasuwa ko ka watsa a Facebook ba, domin ƙazafi ma zunubi ne babba kuma yana kashe mutum da ransa. Bincike aikin hukuma ne, naka shi ne ka kai mata. Jihar Kaduna ta tsaurara dokarta a kan fyaɗe a 2020, kuma akwai Cibiyar Salama a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke nan Zariya, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu a ba su magani da shawara cikin sirri. Matar da asibitin ke ɗauke da sunanta a Sabon Garin nan ta yi rayuwarta, kuma an sha ɗaure ta saboda ta ƙi yin shiru a kan zaluncin da ake yi wa raunana.

Iyaye da yayye da wannan takarda za ta faɗa hannunsu, ku ma ina roƙonku. A wannan makon ku je filin da yaronku ke atisaye, ku gaisa da kocinsa, ku karɓi lambarsa, ku tambayi wa ke raka su idan za su yi tafiya. Kocin kirki zai yi murna da zuwanku.